Duwatsun da Na Wanke

Mahaifina mahaƙin rijiya ne. Shekara arba'in da ɗoriya ya yi yana shiga ƙasa da safe yana fitowa da la'asar, daga Fagge zuwa Sabon Gari, daga Sabon Gari zuwa Rijiyar Lemo, har masu bohol suka zo da motarsu mai ƙara suka karɓe sana'ar. Ni ce autarsa, kuma ni kaɗai ce a gidan na yi boko mai nisa. Ba don alfahari na faɗa ba, sai don a san cewa ɓarnar da zan ba da labarinta, mai ilimin gidan ce ta yi ta.

Baba yana da wata tsohuwar adaka ta ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa. Ba laya a ciki, ba takardar gida, sai ƙulle-ƙullen tsumma. Kowane ƙulli da dutse a ciki, ɗaya ko biyu ko ɗan tari, an ɗaure bakinsa da siririyar igiya. Tsummokaran sun yi baƙi ƙirin, wani atamfa, wani shadda, wani ma ba ka gane asalinsa. In ya dawo aiki da sabon ƙulli, Inna takan ce, "To, yau ma an samo mana cefane." Shi kuwa sai ya yi murmushi ya tura ƙarƙashin gado. Mu 'ya'yansa mun ɗauka tarkace ne irin na manya, kamar yadda wani yake ajiye mataccen agogo ya hana a taɓa.

Ina shekara goma sha tara na dawo hutu daga kwalejin horon malamai, kaina cike da darasin tsafta. Saura kwana uku babbar salla, Baba ya tafi wani ƙauye yasar rijiya. Na shiga ɗakinsa da tsintsiya da niyyar alheri. Na jawo adakar, na kwance ƙullin nan ɗaya bayan ɗaya, na zazzage ƙasar da ke cikinsu a kwata, na juye duwatsun a baho na dirje su da soso da sabulu har suna ƙyalli. Tsummokaran na cusa su a murhu. Duwatsun kuma na jera su a wani kwanon tangaran na Inna, manya a ƙasa, ƙanana a sama, na ɗora a kan taga. Wallahi sun yi kyau. Har yayyena na kira su zo su gani.

Da Baba ya dawo, ya tsaya a bakin ƙofa da buhun kayan aikinsa a kafaɗa, ya daɗe yana kallon kwanon. Ina bayansa ina jiran yabo.

Can ya ce, "Wa ya yi wannan aiki?"

Na ce, "Ni ce, Baba."

Ya ce, "Sannu, Auta. Allah ya yi albarka."

Shi ke nan. Na fita ina jin kaina. Tun daga ranar bai sake shigowa gida da ƙulli ba, amma ban lura ba a lokacin, hankalina yana kan ɗinkin salla.

Na yi aure, na haihu, na yi shekara ashirin ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandaren 'yan mata a Fagge. Da yara suka tasa sai na koma jami'a neman digiri na biyu. Malamin da aka ba shi duba aikin bincikena kan tarihin yanayin Kano wani dattijo ne wanda ya fi yarda da alli a kan kwamfuta. Shi ya fara zana mini abin a allo yadda ya shiga kaina. Ya ce dubban shekaru da suka wuce sanyi ya kama duniya, ƙanƙara ta lulluɓe ƙasashen can arewa, ruwan sama kuma ya ja baya daga nan. Hamada ta gangaro kudu har ta taka inda Kano take yanzu, iska ta yi ta jibge rairayi. Daga baya da duniya ta ɗumama, damina ta dawo, ciyawa da itatuwa suka rufe rairayin, sannan mu muka zo muka gina gidaje a kai. Rairayin yana nan kwance ƙarƙashin ƙafarmu, ja, mai laushi.

Ya ce su ma mutanen wancan zamani, da ba su san ƙarfe ba, sun yi ta sauya kayan aikinsu yadda yanayi ya sauya musu. Ana zaton kafin babban farin sun fi sassaƙa manyan duwatsu masu nauyi. Da abinci ya yi wuya, tafiya ta yi nisa, sai aka koma 'yan ƙanana masu kaifi, waɗanda za a dasa a jikin itace a ɗauka ba wahala. Da kurmi ya dawo kuma sai ga gatari na dutse, gogagge sumul, na saran itace. Ya buɗe aljihun tebur ya miƙo mini guda uku in taɓa.

Na juya su a tafin hannuna. Na san su. Na taɓa wanke irinsu da sabulu.

Washegari na tafi masa da kwanon tangaran ɗin naɗe a cikin mayafi. Dattijon nan da ko gaisuwa ba ya amsawa da ƙarfi, sai ga shi ya miƙe tsaye. Ya yi ta juya su yana faɗin ikon Allah. Sannan ya ɗago.

"Daga ina aka samo su?"

Na ce, "Daga rijiyoyi, Malam. Babana ne ya haƙa."

"Wace rijiya? Zurfin nawa? A cikin wace irin ƙasa?"

Na ce ban sani ba. Ya zauna a hankali.

Ya ce, "Malama, dutsen da ba a san inda ya kwanta ba, ba shi da bakin magana." Ya zaro wani babba daga ƙasan kwanon, tsawonsa ya kai tafin hannuna, siffarsa kamar ganyen mangwaro, an sassaƙe shi ciki da bai. "Kin ga wannan? In ƙarƙashin jan rairayi aka same shi, to shaida ce cewa akwai mutane a nan tun kafin farin, kuma aikinki ya tsaya da ƙafarsa. In a sama ne, wataƙila wani ya tsinto shi a wani wuri ya yar. Je ki tambayi mahaifinki, tun yana iya faɗa."

A lokacin Baba ya haura tamanin. Inna ta rasu, shi kuma yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma sai a hankali. Na same shi a zaure, na durƙusa, na ce, "Baba, duwatsun nan naka, ko kana tuna inda ka samo kowanne?"

Ya ce, "Da a rubuce suke."

Na ce, "A ina? Ai ba ka rubutu."

Sai ya yi mini bayani, ba tare da ya ɗaga murya ba, kamar mai ba da labarin wani. A wurinsu mahaƙa, ranar da za a sa diga a gida, matar gidan takan ba da tsohon zane a yi gammon ɗaukar kwandon ƙasa. To in ya ci karo da dutse irin wannan, sai ya yago gefen zanen ya ƙulle shi, don haka da ya ga ƙyallen ya san gidan. Igiyar da ya ɗaure bakin kuma yakan yi mata ƙulli daidai da zurfin wurin, ƙulli ɗaya gaba ɗaya, wato tsawon hannu biyu in an miƙe su. Ƙasar da ke ciki kuwa ba datti ba ce. Da gangan yake damƙo ta daga inda dutsen ya kwanta ya zuba tare.

Gida, zurfi, irin ƙasa. Tambayoyi ukun da malamin jami'a ya yi mini ke nan, ba ƙari ba ragi. Mutumin da ko sunansa ba ya iya rubutawa ya shekara da shekaru yana amsa su, ni kuma na zo da takardar kwaleji na ƙone amsar a murhu da rana tsaka. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Kunya ta rufe ni, sannan haushi ya biyo baya, kuma da yake ni mai saurin baki ce, a kansa na sauke.

Na ce, "To don Allah, Baba, me ya hana ka yi mini faɗa a ranar? Ka bar ni shekara ashirin ina zaton gwaninta na yi!"

Ya ce, "Kin riga kin ƙone. Faɗa yana mayar da toka atamfa ne?"

Na ce ko ya san mene ne duwatsun tun can. Ya ce mutane suna kiran gogaggun gatarin aradu, wai tsawa ce take jefo su. "Amma ni da nake riƙe ƙota kullum, na san abin da aka yi don hannu. Aradu ba za ta wasa baki ɗaya ta bar wurin riƙo ba." Da na ba shi labarin sanyi da ƙanƙara da hamada, ya saurara har ƙarshe, ya ce shi dai ya san an taɓa yin fari wanda ba a taɓa jin irinsa ba, don in ya shiga jan rairayin nan ba ya ganin saiwa, ba ya ganin katantanwa, ba ya ganin komai sai ya fita ta ƙasansa. Amma cewa sanyin wata ƙasa ne ya jawo shi, wannan sai 'yan boko.

Daga nan muka fara fita duk Asabar. Bayan karin safe sai in tare mana adaidaita sahu, Baba da sandarsa, ni da littafina da kwanon a cinya. Dabarata ita ce in ya tsaya a bakin rijiyar da ya haƙa, wataƙila hannunsa ya tuna abin da ya fito daga cikinta. Sai dai garin da ya sani ba shi ne muka tarar ba. Inda ya ce akwai gidan mai kanwa, plaza ce hawa uku. Inda ya ce akwai durumi da rijiya a gindinsa, shagon sayar da taya ne. Wasu rijiyoyin an cike su da shara, wasu an mayar da su masai, abin da ya fi komai ɓata masa rai. Yakan tsaya ya daki ƙasa da sandarsa ya ce, "Nan ce," mai shago yana kallonmu kamar mun zo ƙwace masa fili.

Yadda yake yi shi ne, in miƙa masa dutse, ya rufe idon da ya rage, ya yi ta bin gefensa da babban yatsa. Wani lokaci sai ya ce, "Wannan gidan mai ɗinkin hula ne, gaba biyu, saman jan rairayi, ranar ma an yi yayyafi." Mafi yawan lokaci kuwa sai ya miƙo mini ya ce, "Ban sani ba." Tun ina haƙuri har na fara matsa masa. Na ce ko kintace ne ya yi mana, ai kusa ma ta wadatar.

Ya ce, "Auta, mahaƙin da yake kintace ba ya tsufa. In ka ce wannan ƙasa za ta riƙe alhali ba ka tabbata ba, a kanka za ta zauna. Abin da na sani na sani, wanda ban sani ba kar ki sa ni."

Wata Asabar muka je gidan wata Bayarabiya a bayan kasuwar Sabon Gari, dillaliyar atamfa, haifaffiyar Kano, wadda Hausarta ta fi tawa gishiri. Kowa Alhaja yake ce mata. Tana ganinsa ta tafa hannu.

"Baba mai rijiya! Ashe kana nan da ranka?"

Ya ce, "Ina nan, Alhaja. Ƙasa ta gaji da ganina, ta ce in ɗan jira."

Rijiyarta an rufe ta da kankare an ɗora janareta a kai. Amma da ta ji abin da ya kawo mu, sai ta shiga ɗaki ta daɗe tana buɗe kwalla, ta fito da wani ɗan ƙulli a tafin hannunta. Ashe lokacin haƙar, mijinta, Allah ya jiƙansa, ya roƙi Baba ya bar masa dutsen da ya fito a gidan, don uwarsa ta ce gidan da yake da shi tsawa ba ta faɗa masa.

Alhaja ta ce, "Ni na je Makka sau biyu, 'yata, ban yarda da wannan zance ba. Amma kuma ban ga dalilin jefarwa ba."

Shi ne ƙulli ɗaya tak da ya tsira daga hannuna. Ƙyallen shuɗi ne mai zanen tsuntsu, ta ce zanen goyon ɗanta na fari ne. Igiyar tana da ƙulli biyu. Na kwance a hankali, ga gatari gogagge, ga 'yar baƙar ƙasa a gindinsa, busasshiya, tana nan yadda ya damƙo ta. Na zauna a kujerar Alhaja na yi ta kallonsa, hawaye suna zubo mini, ita kuwa tana tambayar Baba ko ba ni da lafiya ne. Ba ta ba ni dutsen ba. Ta dai yarda na ɗauki hoto, na ɗebi rabin cokali na ƙasar.

Rijiyar Baba ɗaya ce muka samu a buɗe, a gidan wani kafinta ɗan ƙabilar Ibo a cikin Sabon Gari. An sa mata zoben siminti daga sama har ƙasa, amma ruwanta suke sha har yau. Mutumin ya ajiye zarto ya kama hannun Baba da hannu biyu, ya ce, "Baba, rijiyarka ta fi famfo amana." Ya sa aka jawo guga, Baba ya kurɓa, ya ce ɗanɗanonta bai sauya ba. Na tambaye shi ƙasar wurin. Ya ce nan tsohuwar fadama ce, baƙar laka tun daga baki har ruwa, babu jan rairayi ko na cokali, kuma bai sami ko tsakuwar kirki a cikinta ba. Na rubuta yadda ya faɗa, muka yi sallama.

Wata uku muna wannan yawo. Cikin kwano guda, duwatsu tara kawai ya tabbatar da gidansu da zurfinsu, duka kuma daga saman jan rairayi suke. Babban nan mai kama da ganyen mangwaro na miƙa masa ya fi sau goma, a zaure, a adaidaita, a bakin rijiyoyi. Kullum sai ya daɗe yana shafa shi, ya ce ya san nauyinsa, ya san ya taɓa yankar masa yatsa, amma gidan ya ɓace masa. Ƙafarsa kuma ta fara kumbura, likita ya ce a rage masa fita.

Ran nan bayan la'asar ina tsakar gidanmu, malamina ya kira ni a waya. Baba yana kishingiɗe a tabarma, na ɗauka gyangyaɗi yake. Ni kuwa muryar aji gare ni, ko raɗa na yi sai maƙwabta sun ji.

Na ce, "Ya manta, Malam. Babban ne ya manta. Da a ce ma ya ce mini gaba huɗu, ƙarƙashin jan rairayi, a kan tsakuwa, da shi ke nan na huta. Yanzu sai dai in rushe aikin in kama wani. Ni na jawo wa kaina."

Na kashe waya na ci gaba da tsince shinkafa.

Asabar ta zagayo, na zo ba da niyyar fita ba, don in gaishe shi kawai. Ina shiga zaure ya ce, "Auta, ɗauko littafinki. Na tuna."

Na zaro littafin, na laluba jaka zan ɗauko dutsen, ya ce in bar shi, ba sai ya taɓa ba. Fuskarsa tana wajen bango.

Ya ce, "Gidan kafinta ne. Gaba huɗu. Ƙarƙashin jan rairayi, a kan tsakuwa."

Na buɗe shafin gidan kafinta don in ƙara a ƙasa, sai idona ya sauka kan rubutuna na wancan zuwan. Baƙar laka tun daga baki har ruwa. Na fara cewa a raina tsufa ne, ya haɗa rijiya biyu. Ina shirin tuna masa a hankali, sai ya juyo.

Ya ce, "Hakan ya yi miki?"

Wanda ya tuna abu ba ya tambaya ko ya yi wa wani. Nan na gane ba barci yake ba ran nan. Ya ɗauki maganata ta waya yadda na faɗe ta, ya nemo mata rijiyar da aka lulluɓe da siminti, wadda ba mai iya duba bangonta, ya miƙo mini.

Ba zan ɓoye ba, alƙalamin ya daɗe a kan takarda. Ba wanda zai sani. Shafi ɗaya zan yage, malamina ya yi murna, aikina ya tsaya da ƙafarsa. Amma abin da ya fi tsaya mini a wuya ba aikin ba ne. Mutumin nan ya shekara tamanin da ɗoriya bai taɓa yi wa ƙasa ƙarya ba, ya ƙi yi mata ko kintace, yau ga shi ya yi saboda ni, ni da na ƙone masa abin da ya tara. Tausayinsa da ƙaunarsa suka cika mini ƙirji.

Na koma shafin babban dutse. A gaban gida na rubuta, ba a sani ba. A gaban zurfi da irin ƙasa ma haka.

Ya ji motsin alƙalami ya tsaya. Ya ce, "Kin rubuta?"

Na ce, "Na rubuta, Baba."

Ya ce, "To, alhamdu lillahi." Ya gyara filo ya miƙe ƙafarsa mai kumburi, ya ce in miƙo masa ruwa.